Jan Ƙasar da ke Tsakar Gidan Inna

Shekarun baya, akwai wata damina da na kusa yarda cewa tsawo nake ƙarawa, bayan na yi aure har na hayayyafa. Kada ku yi dariya tukuna, ina da hujja. Duk zuwan da zan yi gidanmu a Gusau sai ƙofar madafi ta gwabje min goshi, ƙofar da tun ina budurwa nake shigewa a miƙe da ɗaurin ɗankwalina. Na faɗa wa maigidana a Bungudu, ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi dai faɗi ya ga na ƙara, tsawo kuwa bai gani ba.

Gidan namu tsohon gida ne a cikin gari. Bayan rasuwar mahaifinmu an sake gina ɗakuna da bulo, amma ɗakin mahaifiyata, wadda muke kira Inna, yana nan na ƙasa yadda Baba ya gina mata shi. Ta hana a taɓa. To, wannan ɗakin ne ruwa ya sa wa ido. Da an yi ruwan kirki sai tsakar gida ta cika, ruwan ya tsaya yana shawara, daga nan ya nufi ƙofar Inna kamar an aike shi. Gindin bangon ya jiƙe ya yi baƙi, yaɓen yana ɓantarewa, ɗakin kullum warin danshi. Gadonta ma a kan bulo aka ɗora shi.

Mu uku Inna ta haifa. Babban yayanmu ma'aikacin gwamnati ne a Tsafe. Mai bi masa direban tifa ne a nan Gusau. Sai ni, auta, wadda Inna ke cewa da tambaya na faɗo duniya. Maganin da muka sani na ruwan nan guda ɗaya ne, kuma shi kowa ke yi a unguwar: idan ruwa ya kwanta a gida, a zubo ƙasa a cike wurin. Saboda haka kusan duk damina sai ɗaya daga cikin yayyena ya turo tifa, lebura su kwashe da baro su baje a tsakar gida. Maƙwabta su leƙo su ce, “Kai, Inna ta yi dacen ɗiya.” Ruwa ya ɗaga ƙafa na ɗan lokaci, sannan ya dawo da ƙarfinsa.

A shekarar da nake ba ku labari, babban yayanmu ya ce ya gaji. Ya tara mu a zaure ya ce ya gyara wa Inna ɗaki a gidansa na Tsafe, da an gama damina za ta koma can, shi kuma ɗakin ƙasan a rushe shi kafin ya faɗo mata a ka. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma ni ma ina jin tsoron. Matsalar ita ce Inna ba za ta iya yi masa musu ba. Irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya gaishe ta, gefe take kallo ta amsa a taƙaice. In tana son ya ci abinci sai ta ce da ni, “Ki kai ma wancan tuwo.” Shi ma ya saba, haka ya tashi ya gani.

Da ya tafi na shiga wurinta. Tana zaune bakin gado tana jan carbi.

“Inna, kin ji abin da Yaya ya ce?”

“Na jiya.”

“To mi kinka gani?”

Sai ta shafa bangon da ke bayanta ta ce, “Nan anka kawo ni. Nan na haihe ku duka. Ni da na so daga ɗakin ga sai kushewa. Amma tunda ya hwaɗi, ya hwaɗi.”

Ina fita na kira maigidana na ce ya nemo min mota ɗaya ta yashin gulbi daga Bungudu, ni ma bana zan yi tawa bajintar. A raina na ce ai matsalar ƙasar da yayyena ke kawowa ce, ba su iya zaɓe ba, yashin Bungudu kuwa shan ruwa gare shi. Na ma fara hango yadda za a ce auta ce ta ceci ɗakin Inna.

Kafin yashin ya iso na zauna kwanaki a gidan, kuma a kwanakin ne ƙofar madafi ta sake buge ni. Ina tsaye ina murza goshi, sai idona ya faɗa kan turken da Baba ke ɗaure ragon layya. Na san turken nan sarai, da yana kai min ƙugu. Yanzu ko gwiwata bai kai ba. Na juya na kalli ƙofar Inna. A iya tunawata, muna yara hawa muke yi mu shiga ɗakinta, akwai dandamali a bakin ƙofar inda take zaunar da ni ta yi min kitso ina kuka. Yanzu babu dandamali, kuma gangarawa ake yi a shiga ɗakin. Sai a lokacin abin ya faɗo min. Ba ni ce na ƙara tsawo ba, gidan ne ya taso. Na ji kunya ni kaɗai, na kuma gode wa Allah da ban kai maganar tsawon nan asibiti ba.

Daga nan tambaya ta kama ni, irin wadda ba ta barina in ci abinci da daɗi. Idan da tsakar gidan tana ƙasa da haka sosai, kuma ruwa bai taɓa shiga ɗakin Inna ba muna yara, to ina ruwan yake zuwa a lokacin? Ai ba sama yake komawa ba.

Washegari da hantsi hadari ya haɗo, aka sako ruwa. Kowa ya gudu ɗaki, ni kuwa na ɗauki lema na tattare zanena na fito tsakar gida ina bin ruwa da ido. Matar yayana direba, da yake a gidan suke zaune, ta leƙo ta taga tana cewa, “Lahiya dai? Ko wani abu ya hwaɗi?” Na ce mata aiki nake yi. Na tsinko ganyen darbejiya ina sakawa a ruwan ina kallon inda zai nufa. Kaɗan daga ciki ya bi ta zaure ya fita titi. Mafi yawa kuwa sai ya tafi kusurwar gabas, bayan ɗakin Inna, ya yi ta juyi a wurin kamar baƙon da ya zo ya tarar an sauya ƙofa. In ya gaji da juyi sai ya biyo gindin bango ya gangara ɗakinta.

Kusurwar nan ta daɗe tana ba ni mamaki, ban dai taɓa haɗa ta da ruwa ba. Babu komai a wurin, amma kullum da safe Inna sai ta share ta da kanta. Ba ta bari a ajiye turmi ko itace a nan. In za ta zubar da ruwan alwala, sai ta taka har can ta zubar, ta ɗan tsaya tana kallonsa. Na taɓa tsokanarta na ce ko tukunyar zinariya Baba ya binne mata a wurin, ta ce in bar ta ta ji da tsufanta.

Da ruwa ya ɗauke na zagaya bayan gida. Akwai wani siririn lungu tsakanin katangarmu da ta maƙwabta, wanda rabona da shi tun ina wasan ɓuya. Na bi shi ina tsallake kwata har na zo daidai kusurwar. A nan na tarar da tsohuwar maƙwabciyarmu, ƙawar Inna, tana koro agwaginta.

“Ina wuni, Gwaggo?”

“A'a, auta ce a lungu? Mi kika nema nan da zanen kirki?”

“Gwaggo, tambaya gare ni. Da can, ruwan gidanmu ina shika bi?”

Ta yi dariya ta nuna gindin katangarmu da sandarta. “Ga shi gabanki. Ke ba ki gani?”

Na duƙa na yaye ciyawa. Sai ga bakin rariya, an gina shi da dutse tsaf, ya kai faɗin tafin hannu biyu. A bushe yake ƙamas, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, alhali yanzu aka gama ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na zura hannu, na taɓo jan ƙasa a daskare.

“Babanku ya gina ta da hannunshi,” in ji Gwaggo. “Da an yi ruwa, nan shika hitowa da gudu shi bi lungu shi hwaɗa babbar kwata. Agwagina har sun san lokaci, nan suka taruwa su jira. Tun shekarar da babban yayanku ya kama aiki ta ɗauke.”

“To Inna ba ta sani ba?”

Gwaggo ta dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya girma a banza. “Tahi ki tambaye ta,” ta ce, ta bi agwaginta.

Na dawo gida da taɓo har ƙauri, na wuce ɗakin Inna kai tsaye. Na ce mata na ga rariya. Ba ta yi mamaki ba, ta dai ajiye carbinta. Na yi ta jan ta da tambaya, tana ba ni amsa guntu-guntu, har na haɗa labarin.

Ashe bayan rasuwar Baba, wurin wanke-wanke ya yi taɓo, wata rana santsi ya kwashe Inna ta faɗi ta gurɗe ƙafa. A lokacin yayanmu bai daɗe da fara aiki ba. Bai ce wa kowa komai ba. Ya bari sai da ta tafi biki Nahuce, ya sa aka kawo jan ƙasa aka baje tsakar gida, don ta dawo ta tarar da wuri a gyare. Masu bajewar ba su san gidan ba, shi kuma tun yana ƙarami yake makarantar kwana, bai taɓa kula da wata rariya ba. Suka rufe bakinta ruf. Inna ta dawo ta gani. Da farko takan faki ido ta sa muciya ta tsokale ramin in hadari ya taso. Da ruwa ya fara kwanciya aka ƙaro wata ƙasar a kai, aka kuma ƙarowa, har ramin ya fi ƙarfin muciya.

Na ce, “Haba Inna! Shekara da shekaru ruwa na cin ɗakinki, kin san maganin, kinka yi shiru? Ko ni ai sai ki hwaɗa min.”

“In hwaɗa miki ki yi mi? Ki tahi ki ce mishi ya yi ɓarna?”

Na fita na kira maigidana na ce a dakatar da yashin nan. Ya ce ai har an fara lodi. Na ce to a sauke, ya yi ginin kaji da shi.

Sai da na yi tunani sosai kafin na kira babban yayanmu. Ban ce masa komai game da ƙasa ba, na dai ce akwai abin da nake so ya zo ya gani da idonsa kafin a yi maganar rushe ɗaki. Ranar Asabar ya iso daga Tsafe da farar shaddarsa. Na ja shi lungu, shi da yayana direba, na yaye ciyawar na nuna musu. Daga nan muka dawo ciki na nuna musu turken Baba da inda dandamali yake a da. Direba ya riƙe baki yana salati. Babban kuwa sai ya cire babbar rigarsa ya rataye a igiyar shanya, ya naɗe ƙafar wando, ya ce a aro masa diga da shebur.

Ban taɓa ganin haƙa mai ban sha'awa irin wannan ba, don ƙasar hawa-hawa ta fito, kowane hawa da mai shi. Na sama marmara ce, direba ya ce, “Wagga tawa ce, ta bara.” Ƙarƙashinta yashi, ya ce shi ma nasa ne, daga wani aiki da ya yi a hanyar Ruwan Bore ya rage. Sai ɓaraguzan bulo na lokacin da aka sake ginin ɗakuna. A ciki muka tsinci murfin kwanon sha da Inna ta daɗe tana zargin wata 'yar aiki da ɓatar da shi, da takalmin roba ƙafa ɗaya wanda na tabbata nawa ne. Muna ta dariya, har matan maƙwabta suka shigo kallo. Inna tana zaune a bakin ƙofarta a kan kujera 'yar tsugunno, ba ta dariya, ba ta kuma ɗauke ido ba.

Da ramin ya kusa kai wa yayanmu gwiwa, sai launin ƙasar ya sauya ya koma ja wur. Dariyar ta tsaya da kanta, domin babu wanda ya ce wannan tasa ce. Yayanmu ya ci gaba da sara a hankali, har digar ta yi ƙara a kan dutse. Ya ajiye ta ya durƙusa ya sa hannu yana yaye ƙasar. Bakin rariya ya bayyana. A gefensa ga guntun muciya da ya karye ya maƙale a ciki.

Ya zaro guntun ya jujjuya shi a hannunsa. Ya gane jan ƙasar, ya kuma gane abin da muciyar ke yi a wurin. Ya ɗago, gumi na zuba, ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya dubi Inna ido da ido.

“Inna, don Allah mi ya hana ki hwaɗi? Da baki ɗaya ai da na kwashe ta tun ran nan.”

Inna ta kawar da kai ta dube ni, kamar ni na yi tambayar.

“Ki ce mishi,” ta ce, “albashinshi na hwarko ne ya sawo ta da shi. Ko takalmi bai saya ma kainai ba. Ni ba ni iya buɗe baki in ce a kwashe.”

Ban maimaita masa ba, don ya ji. Ya sunkuyar da kai ya daɗe a durƙushe cikin ramin, farar shaddar nan ta koma ja. Ni kuwa da nake taƙama da baki, sai hawaye. Direba ne ya cece mu, ya ɗebo ruwa a bokiti ya kwara a bakin rariyar bayan an zura rodi an buɗe ta. Ruwan ya yi ɗan jim, ya yi wata ƙara, ya shige. Daga bayan katanga muka ji Gwaggo ta ɗaga murya: “To, ga shi ya hito! Barkanku!”

Sauran aikin ya ɗauki kwanaki. Aka kawo lebura suka sassabe tsakar gidan, aka bar mata ɗan gangare zuwa kusurwar gabas. Tifar da ta yi shekaru tana kawo ƙasa ita ce ta yi ta fitar da ita, maƙwabta na tsokanar direba wai ya zo karɓar kayansa. Dandamalin Inna ya fito lafiya lau, turken Baba ya dawo tsawonsa, ƙofar madafi ta daina neman goshina. Aka sa wa bakin rariyar 'yar raga don kada shara ta toshe ta.

Da aka zo kan jan ƙasar za a loda, Inna ta kira ni. “Wagga kada a hid da ita. A tara min ita nan gehe.” Na tambaye ta me za ta yi da ita, ta ce in bari damina ta wuce. Marka ta zo a shekarar da ƙarfi, muka zuba ido, ruwa ko dokin ƙofarta bai taɓa ba. Da kaka ta yi, bango ya bushe, sai ta sa aka kira magini ya kwaɓa jan ƙasar nan da ciyawa, ya yaɓe gindin ɗakinta da ruwa ya cinye. Maganar komawa Tsafe kuwa, babu wanda ya sake tayar da ita, har shi mai maganar.

Na sha tunanin wannan abu. Mun yi shekaru muna yi wa Inna hidima iya ƙarfinmu, kuma da zuciya ɗaya muke yi, amma a cikinmu babu wanda ya taɓa tsayawa ya kalli inda ruwan yake son bi, ko ya tambayi dalilin da ya sa tsohuwa ke share kusurwar da babu komai. Har yau ban yanke hukunci a kan shirun da ta yi ba. Wata rana in ce ta cuci kanta, wata rana in ce ni ce ban kai in gane irin wannan son ba. Abin da na sani shi ne, yanzu in na ga tsoho yana maimaita wani abu da ban ga ma'anarsa ba, ba na dariya, kujera nake jawowa in zauna.

Inna ta ƙara shekaru masu albarka a ɗakinta, kuma a cikinsa Allah Ya karɓi abarsa, yadda ta roƙa. Allah Ya jiƙanta da rahama. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta kama sunan yayanmu ba.

Ɗakin yana nan. Mutumin da ya ce a rushe shi, shi ne yanzu ba ya bari ko ƙusa a buga a bangon. Duk shekara, da an ga hadarin farko, zai taso daga Tsafe da shebur a bayan mota, ya cire riga, ya share bakin rariya, ya zagaya lungu ya duba mafitarta. In ya gama sai ya wanke hannu ya zauna a kan dandamali, ya jingina bayansa da jan yaɓen nan. Mukan kai masa tuwonsa can, mu bar shi shi kaɗai.